Makullin Durowa

Ranar Talata likita ya rufe fayil ɗin Lucia, ya ce an yi duk abin da za a iya yi. An yi tiyata sau biyu, an yi allurai, an sha ƙwayoyin tsayar da al'ada. Cutar da ya kira endometriosis tana nan daram: nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, yana zubar da jini duk wata, jinin kuma ba shi da mafita.

"Yanzu sai lallaɓawa, Madam," in ji shi.

Mijinta Cornelius ya shekara ashirin da shida yana aikin laburare a Samaru, ya kuwa san abin da likita yake nufi da lallaɓawa: ku tafi gida. Ya zauna ya karance duk abin da aka rubuta a kan ciwon mara. Abu biyu ya tsinta. Cutar ba ta kisa, amma maganin ciwo mai ƙarfi in ya kama mutum ba ya saki. Na biyun ne ya hana shi sakat, don ya ga yadda ƙwaya ta mai da samarin tasha. Sai ya zuba maganin da likita ya rubuta a durowar teburinsa, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Ɗaya da safe, ɗaya da yamma.

"Malam, ciwon nan bai san agogo ba," ta ce masa wata rana, tana durƙushe, goshinta a kan kujera, ta danna kwalbar ruwan zafi a mara.

"Saura awa uku."

"To karanta masa takardar likitan. Ƙila shi ma yana jin Turanci."

Bayan wata biyu ta daina roƙo. Cornelius ya ɗauka tsarinsa ne ya ci nasara. Mai karatu ba ya rasa hujjar yabon kansa.

A cikin azumin da ake yi kafin Ista, yana neman biro a jakar da take zuwa Zumuntar Mata da ita duk Alhamis a Muchia, sai hannunsa ya taɓa wasu ƙananan ledoji a ƙarƙashin littafin waƙoƙi. Ƙwayoyi ne, ja da fari da ruwan ɗorawa, babu suna babu kwali. Haɗi ne irin wanda masu kemis na Sabon Gari suke ƙulla wa duk wanda ya ce jikinsa na ciwo. Ya baje su a tebur, ya gane uku daga ciki. Duka ukun masu cin tumbi ne, ita kuwa tana wuni ba ta sa komai a ciki ba.

Da yamma da ta miƙo masa tuwo, ya dubi tafin hannunta. Fari fat. Leɓɓanta ma haka. Ya ajiye lomar.

Ran nan ya buɗe durowar, ya bar ta a buɗe. Amma Lucia ta daɗe da daina shiga ɗakin karatunsa, sai an gaya mata. Gaya mata kuwa yana nufin ya amsa cewa ya bincike jakarta, ya kuma amsa cewa karatunsa ne ya kora ta kemis. Ya tsara maganar a ransa, ya gyara, ya sake gyarawa, kamar mai rubuta wa shugaban jami'a wasiƙa. Kwana biyu yana bin ta da ido, in ta daɗe a banɗaki ya tsaya a ƙofa yana kasa kunne.

Safiyar Alhamis ta ɗaura zanen zumunta, tana dafa bango.

"Ba za ki huta ba yau?"

"In zauna in yi gadin durowa?"

Ya buɗe baki. Mai keke-napep ya yi hon a waje, ta fita.

Wajen ƙarfe biyu Martina, ƙawarta ta zumunta, ta kira shi.

"Baba, ka zo asibiti yanzu. Mama ta faɗi muna cikin waƙa. Jini take amai."

A Kwangila tirela ta gitta hanya. Yana zaune a bayan keke, yana maimaita maganar a hankali don kada ya ɓata ta in ya isa. Da ya isa ya tarar da matan zumunta a baranda, ba wadda ta ɗago ta dube shi. Ya gane ya makara.

Maganar ba ta da tsawo. Lucia, durowar a buɗe take tun shekaranjiya, ki ɗauka duk lokacin da ciwon ya taso miki.