Tumatir a Kifin Ilish

Wata shida Tahmina tana zuba girke-girke a shafinta na intanet a garin Rajshahi, ba mai leƙawa. Da ta gaji, sai ta ɗauki hayar masu ƙananan ayyuka ta waya su riƙa rubuta mata sharhi, kowane sharhi taka goma a kuɗin ƙasarsu.

Yabo ya yi ta shigowa, duk baki ɗaya: "Daɗi sosai." Ɗaya ne ya fita daban: "Wa ya koya miki sa tumatir a kifin ilish? Kin kunyata gidanmu."

Nan take ta kira ƙanwar mahaifiyarta.

"Khala, ke ma aikin nan kike yi?"

"To da me nake sayen ganyen pan ɗin da nake taunawa? Ni kaɗai ce ma na karanta har ƙarshe. Cire tumatirin nan, sannan ki sallame ni."