Atamfar da Ta Zuba

Cin amana iri-iri ne, amma mafi muninsa shi ne wanda mutum zai yi yana gaya wa ransa wai gyara yake yi. Shi ya ci Hajiya Jawahir ta Kwaciri, kuma ga yadda aka yi.

Jawahir jinin Barebari ce, amma a Fagge aka haife ta. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, don mijinta Alhaji Kyari yana da shago a kasuwar Singa. Abin da take ɗebe kewa da shi shi ne haɗa bargo da ƙyallaye. Duk telan unguwar ya san ta. Ragowar yankan da za a share a kai bola, ita ake tara wa a buhu. Ta wanke, ta goge, ta yayyanka daidai tafin hannu, ta jera kowane launi kusa da wanda zai karɓe shi, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da allura. Ba sayarwa take yi ba. In an yi haihuwa ta kai, in sanyi ya shigo ta ba tsofaffi.

Wadda ta koya mata aikin ita ce Felicia, 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta tas. Shekara ashirin da shida ke nan da suka haɗu a gaban wani tela a bakin Kantin Kwari, kowacce tana jan kunnen buhu ɗaya. Faɗan ya ƙare da dariya. Tun daga nan, duk Laraba suna tare, wannan makon a Kwaciri, wancan a Sabon Gari. Felicia ba ta taɓa ce mata Hajiya ba, sai Maman Zaituna.

Zaituna ita ce 'ya mace ɗaya da Allah ya ba Jawahir. Zazzaɓi ya ɗauke ta tana da shekara tara. Dangi suka yi ta cewa a ba da kayanta sadaka yadda aka saba, uwar ta ƙi, ta kulle riguna goma sha ɗaya a akwati. Shekara goma sha huɗu suna nan, ba ta iya buɗewa, ba ta iya rabuwa da su.

Ana nan sai mahaifiyar Felicia ta rasu, ta bar mata zannuwa tara. Wata Laraba Felicia ta iso da su a ƙunshe, ido jajir.

Ta ce, "Maman Zaituna, sau uku ina ɗaukar almakashi, hannuna yana rawa. Ba zan iya yanka kayan Mama ba."

Jawahir ta ce, "Yo wa zai iya? Ni da na kasa ko buɗe akwati."

"To mu yi musaya mana. Ke ki haɗa mini na Mama, ni in haɗa miki na Zaituna. Kowacce ta kwanta da nata mamacin a jikinta, ba a akwati ba."

Jawahir ta ajiye kofin shayinta. Sannan ta tashi ta ɗauko makulli. Da hannunta ta ƙirga wa Felicia rigunan, har da kayan makaranta, da ƙaramin hijabin Islamiyya, da wata rigar Sallah ruwan ɗorawa mai aljihu ɗaya, wadda yarinyar take cusa alewa a ciki.

Da ta baje zannuwan tsohuwar a tabarma, bakwai ba su dame ta ba. Akwai fari guda, wanda tsohuwar ta ɗaura ranar aurenta a coci, ta ware shi don tsakiyar bargo. Amma biyu suka tsaya mata a ido. Tsohuwar atamfa ce ta asali, irin wadda aka daina bugawa, ɗaya ja mai tsuntsaye, ɗaya kore mai ganye. Nauyi a hannu, laushi kamar fatar jariri. Ta ɗora almakashi, ta ɗauke. Ta ce a ranta, "Wannan ai asara ce. A yayyanka wannan kamar tsumma? Ko mai shi ba za ta so ba." Kwana uku tana maimaita maganar nan, har ta yarda da ita.

Ran na huɗu ta shiga Kwari. A Kwari kuwa babu zanen da ba a kwaikwaya ba. Ta samu ja mai tsuntsaye, ta samu kore mai ganye.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, in gaya miki gaskiya, kwafi ce. Jar nan tana zuba."

Ta ce, "Na tambaye ka? Naɗe mini."

Dokar farko da Felicia ta koya mata ita ce, sabon yadi ba ya shiga bargo sai an jiƙa shi, ana sake ruwa har ruwan ya fito fari. Jawahir ta jiƙa. Ruwan farko ya yi ja kamar an yanka kaza, ta ga tsuntsayen sun fara kodewa. In ta ci gaba, launin zai bambanta da na asali, Felicia ta gane. Sai ta tsame, ta shanya, ta goge, ta kwantar da su cikin kafur mako biyu don su ɗauki ƙanshin akwatin tsofaffi. Na asalin kuwa ta kai wa wani tela can nesa da unguwa, ya ɗinka mata riga da zane biyu. Ta ɓoye a ƙasan akwati, sai ranar da za a je biki Maiduguri, inda ba wanda ya san tsohuwar.

Wata takwas ta gama bargon, kuma a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Da ta kai Sabon Gari, Felicia ta durƙusa a kansa, ta kifa fuskarta a kan jan ƙyallen nan na Kwari, tana kuka tana cewa, "Da wannan ta goya ni. Har ƙanshinta yana nan." Jawahir tana tsaye tana shafa mata baya, tana cewa a yi haƙuri.

Felicia ta share ido ta ce, "Naki saura baki kawai in naɗe. Ba ni mako biyu. Ba za ki gani ba sai ya kammala."

Kwana goma bayan haka waya ta yi ƙara da hantsi. Muryar Felicia ce, a bushe.

"Hajiya, zo ki karɓi kayanki."

Jin kalmar Hajiya ya sa Jawahir ta san akwai magana, ta yafa gyale ta hau adaidaita.

Tun daga ƙofar gida ta hango bargon a igiyar shanya. Ifunanya, 'yar Felicia, ce ta wanke shi, don za a tafi da shi ƙauye addu'ar cikar shekara da rasuwar tsohuwar. Ja ya bi ko'ina. Farin zanen auren tsohuwar ya koma kamar tsumman mahauci. Ƙyallayen Kwari sun tsuke, sun ja na kusa da su, bargon duk ya yamutse.

Jawahir ta ce, "Subhanallahi! Wane irin sabulu yarinyar nan ta sa?"

Felicia ta ce, "Shekara hamsin Mama tana wanke zanen nan, bai taɓa zuba ba sai da ya kwana a gidanki." Ta miƙo wani ƙyalle da ta farke daga jikin bargon, ta juya bayansa. "Duba. Bayansa fari. Na Mama ciki da waje ɗaya ne. Ni na koya miki duba wannan, ko kin manta?"

Ƙarya ta ƙare. Jawahir ta kama hannunta. "Ƙawata, sharrin zuciya ne. Tausayin zanen na ji, na ga asara ce a yanka. Suna nan, wallahi, yau zan kawo miki."

"Suna nan yadda na ba ki?"

Jawahir ta sunkuyar da kai. "An ɗinka."

Felicia ta yi wata dariya marar daɗi. "Au, asara ce a yanka wa 'yarta, amma ba asara ba ce a yanka daidai ƙugunki. Riƙe su. Ki sa ki je biki, a ce Hajiya ta yi kyau. Taho mu je."

"Ina?"

"Ba kayanki kika zo karɓa ba?"

Suka fita cikin rana, Felicia a gaba. Layi biyu suka wuce, suka shiga garejin ƙaninta Celestine, inda ake gyaran janareta. Ƙasa baƙi ƙirin da mai. Celestine ya ɗago daga kan wani inji yana goge hannu, ya gaishe su da fara'a.

Ya ce wa Felicia, "Anti, tsumman nan da kika kawo shekaranjiya yana shan mai sosai. In akwai saura a ƙaro mana."

Jawahir ta dubi abin da ke hannunsa. Ta cikin baƙin man ta ga ruwan ɗorawa, ta ga bakin aljihu. A ƙasa ga wani yanki an take shi, shuɗin kayan makaranta. Can ga gefen hijabi an toshe bakin jarka da shi. Kowane yanki yana ɗauke da ɗinki ƙanana, a jere, mai kyau, ɗinkin wata takwas.

Ta zube a kan gwiwa tana tsinta. Ta ce wa Felicia, "Ke kika goya ta fa. Kina asibiti ranar da ta cika."

Felicia ta ce, "Na goya ta. Na gama bargonta har baki, na yi kuka a kan kowace riga. Sannan na sa almakashi, kuma wannan karon hannuna bai yi rawa ba." Ta juya ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Jawahir ta kwashe abin da ta samu a leda. Ta jiƙa, ta dafa, ta sa kanwa, ta sa omo. Baƙin mai bai fita ba, warinsa ma bai fita ba. Da Alhaji Kyari ya ji labarin, bai yi faɗa ba. Ya ɗaga yankin rigar Sallar nan, ya daɗe yana kallo, ya ajiye, ya ce, "Ni na sayo mata wannan." Bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma ƙara rufa da bargon da ta haɗa ba.

Ga lissafin Jawahir. Ta rasa riguna goma sha ɗaya, duk abin da ya rage na 'yarta a duniya. Ta rasa bargon da aka ɗinka mata da hawaye, ko sau ɗaya ba ta gan shi a haɗe ba. Ta rasa ƙawar shekara ashirin da shida, da Larabar kowane mako, da bakin da ke kiranta Maman Zaituna. Abin da ta samu shi ne riga da zane biyu, suna ƙasan akwati har yau, ba ta taɓa iya sawa ba.