Tsarki da Tsabta

Goro biyar a ganye. Ƙullin sukari da shayi. Sakamakon gwajin ruwa daga labo, shafi ɗaya, a ninke huɗu. Abin da Kadidiya ta riƙo ke nan a bayan kabu-kabu, suna gangarawa daga tsakiyar garin Tawa zuwa bakin tabki.

Shekara bakwai ta yi a Maroko tana karatun tace ruwan ƙazanta. Duk tsawon lokacin, in an ce gida, garkar mahaifinta take gani, ta ji sanyin fangalin salati a tafin ƙafarta. Mahaifin ya rasu tana can. Ƙanensa, Baffa Almustafa, shi ke riƙe da garkar. Da ta dawo, ma'aikatar magajin gari ta ɗauke ta aiki, aka ce ta auna tabkin da kwatocin unguwa uku ke zuba a ciki. In ta sa hannu a rahoton, za a hana ban ruwa da shi har sai an haƙa ramukan tacewa. Salati kuwa kwana uku ba ruwa ya ƙone.

Ta tarar da shi yana naɗe tiyo, wandonsa a tattare har gwiwa.

"A'a, injiniya! Hanyar garkar ubanki ma sai da mai babur?"

"Ina wuni, Baffa. Ina aiki?"

"Aiki da godiya, ɗiyata."

Ta durƙusa ta ba shi goro da shayi, sannan takardar. Ya juya ta, ya mayar mata.

"Ban yi lakkwal ba, ban san boko ba. Hwaɗi da Hausa."

"Ruwan ne, Baffa. Akwai ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Da yawa."

Ya ɗauki gwangwani, ya taka zuwa bakin tabki, ya ɗebo, ya kawo mata har gaban fuska.

"Duba. Launi ya sake?"

"Bai sake ba."

"Shaƙa."

Ta shaƙa. Ƙamshin laka ne, wanda ta sani tun tana rarrafe.

Ya kurɓa, ya furzar. "Abu ukku malamai sunka ce: launi, ƙamshi, ɗanɗano. In ba su sake ba, ruwa na da tsarki. Shekara talatin da shi nike alwalla. Da shi ubanki ya yi har ya koma ga Allah. Sallarmu duka kika zo sokewa da takarda guda?"

Sai yanzu ta gane abin da ya ji a maganarta.

"Baffa, ban ce ba shi da tsarki ba. Sallarku na nan. Tsabta ce ba shi da ita."

"Mi ya raba su?"

"Salati ɗanye ake cin sa. Yara na ci."

Ya sunkuya ya tumɓuke kan salati ɗaya mai faɗin ganye, ya karkaɗe ƙasar, ya ɗauraye a gwangwanin, ya miƙa mata.

"Irin ubanki na. Ni ka ajje shi kowace shekara."

Ta karɓa da hannu biyu. Ganyen na da sanyi, ruwa na ɗiga a yatsunta. Haka mahaifin kan miƙa mata, ta tauna a tsaye, ba gishiri ba mai. Yawu ya taru a bakinta. Ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta ɗora shi a kan kunyar fangali.

Baffa ya dubi salatin, ya dube ta.

"To," ya ce.

Ya raka ta zuwa shinge. Ta fita, ta juya ta ƙara kallon fangulan, kore har bakin ruwa. Ta jawo ƙyauren langa-langa ya rufu tsakaninsu.

"Baffa, ku gafarce ni. Gobe zan sa hannu."