Trevor Yana Teku

Ofishin haraji ya shekara goma sha ɗaya yana sharar barci, sannan rana ɗaya ya farka ya tuna da Glenda Ormerod. Wasiƙar shafi huɗu ce, babu sunan mutum a ƙarshenta, sai sunan wani sashe. Abin da ke ciki bai wuce layi biyu ba. Wai tallafin da suka riƙa ba ta lokacin da 'yarta ke ƙarama, a matsayinta na uwa mai reno ita kaɗai, ba haƙƙinta ba ne, don bincikensu ya nuna mijinta Trevor yana gidan tsawon shekara biyu a lokacin. Ta maido fam dubu shida da ɗari huɗu, ko a fara yanka daga albashinta. In tana da ja, an ba ta kwana talatin.

Albashin da suke wa wannan barazana na mai wankin tukwane ne a kicin ɗin makarantar firamare. Idan aka taɓa shi, kuɗin hayar gidanta ba zai cika ba, gidan da ta shekara ashirin da shida a ciki.

Ta buga musu waya. Sai da suka sa ta saurari kiɗa na minti hamsin kafin wata murya ta ɗauka, irin muryar da aka koya wa tausayi a taron bita. Muryar ta ce ta fahimci damuwar Misis Ormerod. Glenda ta ce ba fahimta take nema ba, ita ce da kanta ta kira su a makon da Trevor ya tafi ta gaya musu. Muryar ta ce haka ne, akwai wannan a rubuce, amma sauran takardu sun saɓa. Ta ƙara fahimtar damuwarta sau biyu, ta yi mata fatan alheri.

Gaskiya Glenda ta faɗa wa ofishin. Trevor ya tafi ne a watan Maris na waccan shekarar, ya bi wata mai gyaran farce zuwa Sifen, bai bar ko adireshi ba. Mutum ne da bai taɓa aikin da ake rubuta sunansa ba, kuɗi a hannu yake karɓa, don haka babu takardar da ta san inda ya nufa. Waɗanda Glenda ta yi wa ƙarya mutanen layinsu ne.

A layi irin nasu, inda gidaje ke manne da juna har kana jin tarin maƙwabcinka, gara a ce mijinki ya mutu da a ce ya gudu. Glenda kuwa ta daɗe tana kallon matan layin a matsayin marasa aikin yi, masu leƙe ta bayan labule, ba za ta ba su abin taunawa ba. Sai ta ce Trevor ya samu aikin haƙar mai a teku, can arewa, kuɗi mai tsoka, hutu kaɗan. Ta koya wa yarinyar abin da za ta ce. Ta ci gaba da shanya rigunansa a igiya. Katin Kirsimeti da take aika wa kowane gida da sunansu su biyu yake fita. Sai bayan shekara biyu ta bari aka ji cewa nisa ya raba su, sun rabu cikin mutunci.

A ɗakin karatu na gari akwai teburin ba da shawara kyauta, wani tsohon akawu mai suna Mista Duckworth ke zama. Ya baje takardun da ofishin ya dogara da su, yana bin su da bakin alƙalami. Rajistar masu zaɓe: Trevor na ciki shekara biyu a jere. Harajin gida na ƙaramar hukuma: wanda ke zaune shi kaɗai ana rage masa kashi ɗaya cikin huɗu, amma ba ta taɓa nema ba, ta biya cikakke. Ya tambaye ta wa ya cike waɗannan. Ta ce ita ce. Ya tambayi dalili. Ta ce 'yar ƙanwar wata maƙwabciyarta ce ke aiki a ƙaramar hukumar, maganar na iya isa layinsu.

Mista Duckworth ya yi gyaran murya, ya duba farcensa. Ya ce maganar 'yarta ba za ta yi nauyi ba tunda jininta ce. Abin da zai cece ta shi ne shaidar wani na waje, maƙwabci misali, wanda zai rubuta ya sa hannu cewa mutumin ba ya gidan. Ya tambaya ko akwai wanda ya sani. Glenda ta ce babu, kuma ko a wannan halin sai da ta ji ɗan alfahari da ta faɗa.

Kwana goma sha tara ta yi tana juya abin. Ta rubuta wa ofishin wasiƙa mai zafi, suka amsa da kwafin wasiƙarsu ta farko. Da kwanakin suka kusa ƙarewa sai ta ga babu makawa. Za ta je ta tona wa kanta asiri, ta roƙi wata ta tuna ko ta taɓa ganin Trevor da idonta a shekarun nan. Ta zaɓi Bernice Tattersall da ke tsallaken titi, ba don ƙauna ba, sai don tagar Bernice ce ke kallon ƙofarta.

Bernice ta ɗora shayi, ta fito da biskit a faranti mai zanen fure. Suka yi maganar ruwan sama, suka zagi masu kwasar shara. Kofin Glenda ya huce a hannunta kafin ta iya buɗe baki. Ta ajiye shi, ta kalli kafet, ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, Trevor bai taɓa zuwa teku ba.

“Sha huɗu ga Maris,” in ji Bernice, tana tsoma biskit. “Wajen goma da rabi na safe, kina wurin aiki. Jar mota, mace ke tuƙi. Akwati biyu da sandunan kamun kifinsa. Har sun tayar da mota ya koma ya ɗauko ƙaramar talabijin. Ranar aka cire wa mijina Norman zaren tiyata, shi ya sa ba na mantawa.”

Glenda ta ɗago kai. “Kin sani?”

“Haba Glenda. Trevor a teku? Mutumin da ya yi amai a kwalekwalen yara a tafkin gari?”

“Amma ba ki taɓa cewa komai ba.”

“In ce me? Wane irin mutane kika ɗauke mu?” Bernice ta ji haushi da gaske. Da Glenda ta gaya mata batun wasiƙar ofishin haraji, sai Bernice ta tashi ta ɗauko takarda da tabarau, ta zauna ta fara rubutu da kyakkyawan hannu, ba ta ko tsayawa tunani. Kwanan wata, lokaci, launin mota, da cewa daga ranar ba ta sake ganin Mista Ormerod ya shiga ko ya fita daga gida mai lamba tara ba. Tana rubutu tana magana, kamar mai ba da labarin yadda aka shirya walima. Ta ce abin bai zo musu da sauƙi ba. In kowa ya yi shiru Glenda za ta gane an sani, in kuma kowa ya tambaya a rana ɗaya zai yi mata yawa.

“Sai muka raba kwana. Ni Talata nake tambayarki lafiyarsa. Doreen Juma'a, a shagon mai nama. Marigayiya Pat ce gwanarmu, ita ke tambaya ko zai samu hutun Kirsimeti, har da ɗan tagumi.” Ta sa hannu, ta hura tawadar. “Shaidar gida nawa kike so? Kafin gobe zan iya samo miki takwas.”

Glenda ta karɓi takardar. Ta karanta, ta ga duk abin da Mista Duckworth ya ce a samo yana ciki, har da ƙari. Albashinta ya tsira, gidanta ma haka, kuma tunda take ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

“Ɗaya ya isa,” ta ce. Ta gode da shayi, ta yaba biskit.

Tsakanin ƙofar Bernice da tata taku goma sha biyar ne. A tsakiyar titin ta tuna Talatocin nan, yadda takan tsaya da jakar cefane ta yi bayanin iskar teku da tsadar kiran waya daga can, Bernice tana gyaɗa kai. Kusan sau ɗari ke nan. Kuma kowane karo, tana shiga gida ta rufe ƙofa, sai ta jingina da bango ta yi dariyar wautar matar.