Alƙiblar Baba Bobbo

"Kar ku taɓa min gado!" in ji Baba Bobbo. Da ƙyar muryar ta fito, amma ɗansa Taufiq ya saki ƙafar gadon.

Shagon ɗinkina yana jikin katangarsu. Kukan matar tsohon, Nana Khadija, na ji, na shigo da almakashi a hannu. Tun jiya asibiti suka ce a mai da tsohon gida. Yanzu numfashi ya fara sarƙewa, ana so a kwantar da shi yana fuskantar alƙibla, to a nan rigimar take. Bara samarin Zongo suka auna masallacinmu da waya, suka karkatar da sahu wajen arewa. Baba Bobbo ya ce ba da shi ba. Tun da ya gina ɗakin nan, bango guda yake kallo in zai yi salla.

"Baba, regarde, ga shi a waya," in ji Taufiq, idonsa ya yi ja.

"Waya ta taɓa fitar da kai daga daji? Na san Makka gabas take, a ɗan karkata arewa. Haka bangona yake. Sabitu, je ka kasuwar Adawlato ka sayo min busol," ya ƙarasa yana kallona.

Busol shi ne kamfas ɗin nan mai allura da ke nuna arewa. Da shi yake koro shanu zuwa nan Lome da ƙuruciyarsa, tafiyar dare cikin daji. Nasa ya fashe tuntuni.

Ya kamo rigata. "Ban da na roba na 'yan makaranta. Mai murfin ƙarfe, mai mai a ciki, kuma kar ka ga kumfa. Ka rufe shi da hannu ka leƙa. In allurar ba ta haske a duhu, ajiye musu kayansu."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutum yana gargara yana zaɓen kaya! Amma na hau zemidjan, wato acaɓa, na ce wa mai mashin ya ba ta wuta. Duk lokacin da wayata ta motsa a aljihu sai gabana ya faɗi.

A Adawlato wata Bayerabiya mai kayan soja na gwanjo ta zube min su a tire. Na farko allurarsa rawa kawai take. Na biyu kumfa. Ina leƙa na uku cikin tafin hannuna kamar mai satar kallo, tana min dariya, sai na ga ɗan koren haske. Ban tsaya ciniki ba.

Ana kiran magariba na iso, an ɗauke wuta. Na tarar da shi da rai, alhamdulillahi, Nana Khadija tana ɗiga masa ruwa a leɓe. Na ɗora busol a gefen gadon, kusa da fuskarsa. Allurar ta yi lilo, ta tsaya. Taufiq ya duƙa ya duba, ya sake dubawa.

"Baba, kai ne da gaskiya. Bangon daidai yake."

Na yi ajiyar zuciya. Tsohon ya daɗe yana kallon koren hasken.

"Gadon nan ƙarfe ne," ya ce. "Ƙarfe yana jan allura. Sauke shi ƙasa, tsakar ɗaki."

"Haba Alhaji, a bar shi haka mana," in ji Nana Khadija.

"Sauke."

Ni na sauke shi. Allurar ta juya a hankali, ta tsaya a wani wuri dabam. Ashe bangon nan gabas yake kallo sak, har ya ɗan karkata kudu, wajen teku.

"Faɗa min, Sabitu."

"Yaran ne da gaskiya, Baba."

Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. "Allah, ka san inda na nufa," ya ce. Sannan ya nemi hannun ɗansa. "Juya ni, Taufiq."

Muka kama gadon, ni a ƙafa, Taufiq a kai, muka ja shi har fuskar tsohon ta kalli kusurwar ɗaki. Taufiq yana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa suna bi. Kafin a kira isha ya cika.

Washegari bayan mun dawo daga maƙabarta na leƙa ɗakin. Gadon yana nan a karkace, ba wanda ya gyara shi. Nana Khadija ta shimfiɗa darduma a gefensa, ita ma a karkace, ta ta da salla.