Kibiyar Bahago

Shekara goma sha tara ke nan duk wanda ya hau dutsen nan da ƙafa, a gidan Mai Masauki yake kwana. Ba don gidan ya fi ko'ina kyau ba. Ɗakuna huɗu ne, da gadajen katako, da barguna masu ƙaiƙayi, da murhun da hayaƙinsa ke sa baƙo hawaye tun kafin a gama gaisawa. Amma yana daidai inda gwiwa ke cewa ta gaji: awa biyar daga gindin dutse, awa uku zuwa ƙololuwa. Mutum zai iso yana jan ƙafa, ta miƙa masa shayi, ta ajiye masa ruwan ɗumi ya tsoma ƙafafunsa, sannan ta kawo shinkafa da miya. Ba a taɓa jin wanda ya kushe girkinta ba, ko da yake wanda ya yi hawan awa biyar ko tsakuwa ka dafa masa zai ce a ƙaro.

Abin da ke kawo mutane ƙofarta kuwa kibiyoyi ne. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya zana su da fenti rawaya a jikin duwatsun hanya, tun daga ƙasa har gidan. Duk shekara ruwan sama ya kan sa su dushe, duk shekara a sabunta. Bayan rasuwarsa sai aikin ya dawo kanta ita da ƙanenta, wanda ake ce wa Bahago. Ja-gora ne, shi ke hawo da baƙi. Ita ta goya shi bayan mahaifiyarsu ta rasu, ita ta yi masa aure, kuma har yau in ta sauke tukunya, kwanonsa take fara zubawa ta rufe kafin na kowane baƙo.

Bana gwiwarta ta ƙi. Ta ɗauko sabon gwangwanin fenti da buroshi ta ba shi.

"Ki huta, Yaya," in ji shi. "Ai aikin yini ɗaya ne."

Daga nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Mako ɗaya, biyu, har shida. Ta shanya barguna, ta kwashe, ta sake shanyawa. Ta dafa abincin mutum takwas, kaji suka ci na bakwai. Bahago ya kan hawo shi kaɗai, ya buɗe kwanonsa, ya ci yana girgiza kai.

"Mutanen yanzu ba sa son wahala, Yaya. Kowa mota yake so ta kai shi har sama."

Tausayinsa ma take ji, shi da ke da iyali. Har ƙulle masa ragowar abinci take yi ya sauka da shi. In hawan ya mutu, gidan ya mutu, ta san wannan, kuma ba ta da wani wurin zuwa. Amma ba ta taɓa faɗa masa ba, don kada ta ƙara masa damuwa.

Wata safiya ta ce bari dai ta je ta gani da idonta, ko ruwa ne ya sake wanke fentin. Ta kankaro ragowar na bara a tsohon gwangwani, ta ɗauki sanda, ta kama gangara tana hutawa. Duwatsun kusa da gida duk ba a taɓa su ba, kibiyoyin sun koɗe kamar tsohon zane. Ta ce a ranta ƙila daga ƙasa ya faro, fentin ya ƙare masa.

A mararraba akwai wani ƙaton dutse. Hanyar dama ita ke zuwa gidanta. Ta hagu tana zuwa sabon masaukin da surukin Bahago ya gina bara, mai wutar sola da famfon ruwan zafi. Ba ta taɓa yi masa hassada ba, kowa da rabonsa. Sai ta tarar an kankare kibiyar mijinta tas, har dutsen ya yi fari a wurin. An zana sabuwa fil, rawaya, tana nuna hagu.

Ta daɗe tana neman wanda za ta ɗora wa laifin. Ko ma'aikatan surukin ne? Sai idonta ya sauka ƙasan kibiyar, inda aka goge buroshi a gefen dutse, dogon layi ya karkace daga dama zuwa hagu, irin na mai aiki da hannun hagu. Shekara nawa tana yi wa Bahago faɗa a kan wannan ƙazantar? Fentinta ne, buroshinta ne, hannun da ta koya wa riƙon cokali ne. Ta zauna a gindin dutsen. Ba fushi ta ji ba tukuna. Kunya ta ji, ta ƙullin abincin da ta riƙa ba shi.

Kafin azahar ta jiyo muryoyi. Mutum goma sha ɗaya ta ƙirga, da jakunkuna da sanduna, Bahago a gaba yana ba su labarin yadda aka fasa hanyar, labarin da a bakin mijinta ya ji shi. Da ya gan ta, maganar ta maƙale.

"Yaya, me ya sauko da ke da wannan ƙafar?"

"Na zo ganin mutanen da ba sa son wahala."

Ya matso, ya rage murya. "Ki fahimce ni. Surukina ne. Ya ce in ban kai masa baƙi ba, to in nemi inda zan ajiye 'yarsa. Ya zan yi?"

"Da ka faɗa mini."

"Na so in faɗa."

"Sau nawa ka ci abinci a gidana tun ranar da na ba ka fentin nan? Bakinka a cike yake, shi ya sa?"

Ya juya wajen baƙinsa. Wata mata cikin baƙin, mai jar jaka, ta share gumi ta tambaya, "Ja-gora, wace ce wannan? Hanyar dama ina ta nufa?"

Mai Masauki ta zuba masa ido. Ko yanzu, da ya ce yayata ce, da ta nemi hanyar yafe masa.

"Wata baiwar Allah ce da ke zaune a sama," in ji Bahago, yana kallon takalminsa. "Da can akwai masauki a wurin. Mu je, abinci na jiranmu."

Suka wuce ta hagu ɗaya bayan ɗaya, suna yi mata sannu. Mai jar jakar har ta miƙa mata biskit, ta karɓa don ba ta san me za ta yi ba.

Gwangwanin yana hannunta, dutsen yana gabanta, kuma ba kowa a wurin. Ta buɗe murfin, ta dubi kibiyar, ta mayar ta rufe. In ta juya ta yau, gobe zai zo ya sake kankarewa, ita kuwa ba za ta iya ganin hannunsa a dutsen nan sau biyu ba.

Rana ta yi sanyi kafin ta isa gida. Ta hura wuta, ta dafa ɗan abin da zai ishe ta. Da ta sauke tukunya, hannunta ya tafi kan kanta ya ɗauko kwanon Bahago, ta zuba, ta rufe, kamar kullum. Sai da ta ajiye shi a mazauninsa ta ga abin da ta yi. Ta tsaya tana kallonsa har tururin ya daina fita ta gefen murfi. Sannan ta ɗauka ta fita tsakar gida, ta kira kaji.