Fasinja Ta Biyu

Tun hantsi Umma take tsaye a inuwar shagon mai gyaran waya, tana latsa wayar da sai ta nisanta ta da fuska take iya karantawa. Ɗanta take nema, babban, wanda ke tuƙa motar hayar da ake kira ta waya. Ubansa na kwance a asibiti, numfashi sama-sama, kuma tun jiya ba abin da yake maimaitawa sai, "Ku kira min shi."

To, a kira shi ta ina? Yaro ya toshe lambar kowa na gida tun ranar da ya ajiye zarto ya ce ya bar aikin kafinta, sana'ar ubansa. Uban kuwa, da yake zuciyarsa a kusa take, ya nuna masa ƙofa ya ce, "Ko gawata kada ka zo." Maganar fushi ce, kowa ya sani, amma ina! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan gado ne.

Shekaranjiya ta kira mota, sai ga hotonsa ya fito a wayar. Kafin ta gyara mayafi, ya ga sunanta ya soke. Ta zauna a bakin kwata ta yi kuka kamar yarinya. Direban da ya ɗauke ta daga baya, wani mai surutun tsiya, shi ya ba ta dabara.

"Mama, ai in ke kaɗai kika kira, yana da damar ya ƙi. Ki riƙa zaɓar haɗaka, wadda ake haɗa fasinja biyu a mota ɗaya. In da fasinja a ciki, wayar ce ke ɗora masa na biyu, ba ta shawara da shi."

Wasu sauƙi ke sa su shiga haɗaka, wasu tsoron zama su kaɗai da baƙon direba. Ita dai Umma tarko ta ɗana wa ɗan cikinta, kuma ba ta ji kunya ba. Sai ta kira, wani hoton ya fito, ta soke, ta sake. Mai gyaran waya har ya gaji ya turo mata benci. Rana ta take, ƙafafunta sun kumbura, cajin wayar ya koma ja, sannan fuskarsa ta fito.

Motar ta tsaya. A baya akwai wata tela mai ƙiba, ta rungume kan keken ɗinki a cinya. Umma ta yi wuf ta shige, ta ja ƙofa tun kafin ya ɗago. Suka haɗa ido ta madubi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, zuciyarta ta karye. Bai gaishe ta ba. Amma wa zai sauke uwarsa a gaban baƙuwa? Ya ja mota, muryar wayar tana nuna masa hanyar asibiti.

"Sannu Mama, jiki ne?" in ji tela.

"Maigidana ne, 'yar nan. Likita ya ce mu yi ta addu'a." Ta ɗaga murya yadda za a ji a gaba. "Ɗansa yake kira. Ko ruwa ya ƙi sha, sai ya gan shi."

"Subhanallahi! Ɗan yana wata ƙasa ne?"

"Yana kusa."

"Kai, 'ya'yan yanzu! Wallahi da nawa ne, da kunne zan jawo shi. Direba, kana jin wannan rashin imani?"

Jijiyar wuyan direba ta tashi.

Nan wayar Umma ta fara ruri. Auta ce, wadda ta bari a gefen gadon. In ta ɗauka aka ce an gama, shi ke nan, maganar uban ta tabbata, yaron nan ba zai taka ƙofar ba har abada. Ta kife wayar a cinya ta danne da tafi biyu.

"Mama, ana kiranki fa," in ji tela.

"Bar ta."

A ƙofar asibiti muryar ta ce an iso. Umma ba ta motsa ba. Masu gadi na ɗaga hannu, motocin baya na danna oda, ita ko gezau.

"Umma, ki sauka," ya ce a hankali. "Shi ya ce kada in zo."

"Gawarsa ya ce. Da ransa na baro shi. Ka yi min rai, ka shiga tun bai zama abin da ya hana ka gani ba."

Tela ta dube shi, ta dube ta, ta rufe baki da hannu. Ta kinkimi kan kekenta ta fita, ta tura ƙofar a hankali.

Wayarsa ta yi ƙara, an ɗora masa wani fasinja. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kashe ta, ya gangara gefen titi ya zare makulli.

"Wane ɗaki ne?"

Ta faɗa masa. Ya yi gaba da sassarfa, tana biye tana jan ƙafa. A hanya Auta ta sake kira, wayar na ta rawa a tafinta, ta ƙara damƙe ta, ba ta ɗauka ba.